Castle fa, me za mu ce masa da Hausa?

Jama'a ku taimaka min da kalma. Bayanin Rocca Calascio nake rubutawa, wani tsohon gini a kan tsauni a yankin Abruzzo na Italiya, ina zuwa kan kalmar Turancin nan castle na tsaya cak. Kowa fada yake cewa, ni kam zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Wurin nan fa ba don zaman sarki aka yi shi ba, ba fadawa ba zaman fadanci, sojoji aka gina wa. Yana sama da mita 1,400 daga matakin teku, mota ba ta kai ka ƙofa sai dai ka taka ta cikin kangon tsohon ƙauyen kana haki, kana isa ka ga hasumiya mai kusurwa huɗu a tsakiya da wasu huɗu kewayayyu da aka ƙara a ƙarni na 15 zamanin gidan sarautar Piccolomini, daga nan masu gadi ke hango hanyar da makiyaya ke kora tumaki zuwa Puglia a kudancin Italiya, don arzikin yankin a ulu yake, in masu gadin sun ga abin tsoro da dare su kunna wuta da rana su haska madubi, hasumiyar gaba ta ɗauka. To ina fada a nan?

Na ga amsoshinku, na gode, wasu sun ce ganuwa wasu sun ce sansani. Ganuwa ba ta yi ba, ita gari take kewayewa kamar ta Kano. Sansani kuma ana kafawa ana tashi.

Malam da ya kawo ribaɗi, wallahi ta kusa sosai, ribaɗin Sarkin Musulmi Bello a Wurno ma tsaron iyaka ne, amma kalmar tana ɗauke da addini da jihadi, in na ɗora ta kan ginin Italiya na cika mata abin da ba nata ba.

Hajiya ta ce kagara, a nan na tsaya. Wurin da aka kange don kare kai daga mahara, aikin kenan. Su ma Italiyawan sun bambanta, suna da rocca ta tsaro suna da castello na zaman basarake. To irin na Calascio zan rubuta kagarar dutse, wanda basarake ya zauna ciki da iyalinsa in ce fada mai ganuwa.

'Yan uwa na Damagaram da Katsina, in kagara na da wata ma'ana a wajenku ku faɗa min kafin in tura rubutun.