Wane littafi zan karanta? Tun rasuwar Baba komai ya fice min a rai

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifinmu. Sama da shekara talatin ya yi yana ɗinki a kan keke ɗaya. Ranar da muka buɗe shagon bayan sadakar arba'in, na tarar da wata riga an ɗinka rabi, allura na soke a wuyanta. Tun ranar, duk asubar da na hau trotro, motar haya, zuwa Suame a nan Kumasi sai in ji ina tambayar kaina, wai duk wahalar nan ta mece ce? Sallata ina yi, ban bar komai ba. Littafi nake nema. Don Allah kada a ce min in yi haƙuri, kunnena ya cika da shi.

Malamin Tafo: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗana, tambayar nan ba kafirci ba ce. Nemi Al-Munƙiz minad Dalal na Imam Gazali. A 1095 yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗari uku a gabansa, sai harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da karatu, abinci ma ya ƙi shiga. Likitoci suka ce ciwon a zuciya yake. Ya bar muƙamin ya nufi Dimashƙa. Da kansa ya rubuta yadda shakka ta kama shi da yadda ya fita. Littafin ɗan ƙarami ne, kwana biyu ka gama.

'Yar Jami'a: Allah ya gafarta Malam, a yi min izini in ƙara da Albert Camus. A Aljeriya aka haife shi a 1913, ubansa ya mutu a yaƙi yana jariri, uwarsa aikatau take yi. A The Myth of Sisyphus na 1942 ya kawo labarin Girkawa na mutumin da aka yanke wa hukuncin tura dutse kan tsauni, da ya kai sai ya gangaro, ya sake sauka ya ɗauko. Yaya, trotron asubarka ke nan. Camus ya ce ɗan Adam na neman dalili, duniya kuma ta yi masa shiru, amma duk da haka bai yarda mutum ya saki dutsen ba.

Malamin Tafo: 'Yata, mutumin da ya ce sama ba ta amsawa za ki ba mai makoki? Ban hana karanta shi ba, ni ma na karanta. Amma ba yanzu ba.

'Yar Jami'a: Na ji, Malam. To ya fara da The Plague, na 1947. Annoba ta sa an rufe garin Oran, wani likita yana ta jinyar mutane alhali ya san da yawansu ba za su tashi ba. Akwai limamin coci a ciki, suna jayayya da likitan bayan sun tsaya a kan yaro yana mutuwa. Wurin nan sai da na ajiye littafin na fita waje.

Hajiya ta Asawase: Ku kun tafi nesa. Ga namu a gida: The Beautyful Ones Are Not Yet Born na Ayi Kwei Armah, ɗan Takoradi, 1968. Labarin wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ko suna ba a ba shi ba, ya ƙi karɓar cin hanci, a gida ana yi masa gorin talauci. Mun karanta shi muna 'yan mata ba mu gane komai ba, ƙazantar da ke ciki kawai muke yamutsa wa fuska. Sai da maigidana ya rasu na sake buɗe shi, na ga ashe mutane irinsu Babanku ake nufi. Ni na san Babanku, shi ya ɗinka wa yarana kayan makaranta, kuma bai taɓa riƙe ƙyallen kowa ba.

Amma ɗana, kana cin abinci? Kana barci? In ba ka yi, wannan ba aikin littafi ba ne, ka je ka ga likita.

Ɗan Aboabo: Ina ci, Hajiya. Barcin ne sai a hankali. Malam, Larabcina bai kai ba, akwai fassara?

Malamin Tafo: Akwai ta Turanci, Deliverance from Error. Nawa na Larabci ne. Ka same ni babban masallaci bayan Juma'a, mu riƙa bin shafi biyu-biyu ina fassara maka.

Hajiya ta Asawase: Na Armah yana cikin akwatina, bangon ya yage amma shafukan sun cika. In za ka zo karɓa ka taho da rigar nan. Wa ya ba da ɗinkin?

Ɗan Aboabo: Ba mu sani ba, Hajiya. Har yau mai ita bai zo ba.