Ƙanena ya aiko min fatsar Turawa, anya za ta ci kifi a Rima?

Baban Hafsat, Mabera:
Assalamu alaikum. Ƙanena Abdul da ke karatu a Denba, jihar Kolorado ta Amurka, ya aiko min sandar fatsa doguwa da ɗan akwati cike da ƙwarin bogi, gashin tsuntsu da zare aka ɗaura a jikin ƙugiya. Wasu ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Ya ce da su suke kama kifin tirawut a ƙoramun duwatsu da bazara. To ai mu ma bazarar muke ciki, shi ya sa ranar Asabar na yi sammako zuwa Kwalkwalawa, bakin kogin Rima. Wallahi har hantsi ko ɗan karfasa bai leƙo ba. Sau biyu ƙugiya na cire min hula, yaran da ke wanke babur suna ta dariya, ga wani basarke gefena yana ta ciro kifi da tana. Ni ne ban iya ba, ko kayan ne ba na ruwanmu ba?

Abdul na Denba:
Wa alaikumus salam, Yaya. Sunan ne ya ruɗe ka. Bazarar Sakkwato zafi ya haura digiri 40, ruwa ya janye ya ɗume. Tamu nan fitowa ce daga hunturu. A Maris da Afrilu ƙorama garau take, amma sanyinta na sa yatsu su ƙage, kifi na kwance ƙasa bayan duwatsu ba ya son wahala. Tirawut ya fi kuzari in ruwa ya kai digiri 10 zuwa 16, in ya wuce 20 kuwa galabaita yake. Don haka a nan wajenmu sammako bai da amfani, sai rana ta ɗaga.

Duba akwatin. Masu ɗan dutsen ado mai nauyi a ka, irin su Pheasant Tail da Hare's Ear, kwaikwayon 'ya'yan ƙwari ne da ke zaune ƙarƙashin duwatsu. Nutsewa suke, ka bar ruwa ya tafi da su kamar ba a ɗaure suke ba. Su na fi aiki da su. Ƙananan masu fiffike, Blue-Winged Olive, na saman ruwa ne, sai wajen azahar ran da gari ya yi lumshi ƙwarin suka fito. Lambar ƙugiyarsu 16 zuwa 20, kuma in lamba ta ƙaru, girman ƙugiya raguwa yake. Daga Mayu zuwa Yuni dusar ƙanƙarar kan duwatsu ta narke, ruwa ya cika ya gurɓace, sai mu koma babban baƙin nan mai jela, Woolly Bugger, muna bin gefen gaɓa.

Batun hula kuma, nauyin a jikin igiyar yake, ƙwaron bai da wani nauyin kirki. In ka kai sanda baya, dakata igiya ta miƙe kafin ka turo gaba. Ka koya a fili ba ƙugiya, kuma don Allah ka sa tabarau.

Ɗan Sarkawa, Goronyo:
Alhaji, kifinmu ba ɗan boko ba ne, hhh. Tarwaɗa da ƙurungu da gashin baki suke laluben abinci a ƙasa, mi za su yi da gashin tsuntsu da ba shi da wari? Amma kar ka jefar. Jira ruwan farko, daren da shinge ya fito. Da safe za ka ga kawara da karfasa suna tsintar shi a saman ruwa, nan masu fiffiken za su yi maka rana. Baƙin da Abdul ya faɗa kuwa, in ka ja shi kamar ɗan kifi mai gudu, tsage na iya kai mai cafka. Sai dai haƙoransa reza ne, ka ɗaura 'yar waya kafin ƙugiya.

Baban Hafsat, Mabera:
Na gode ƙwarai. Na duba, baƙaƙen guda uku ne, ɗaya Hafsat ta riga ta maƙala wa 'yar tsanarta. Yau bayan la'asar zan gwada wurgin a filin ƙwallon unguwa. Ɗan Sarkawa, wace irin waya, ta burkin keke za ta yi?