Musayar waƙa: Tsarabar birnin Sin

Ɗan Kwari: Salam 'yan zaure. Jiya na sauka daga Guangzhou, wannan karon sai da na hau jirgin ƙasa har Xi'an don kar a ce kwantena kawai na sani. Amsa-amo "wa" ne, mai iyawa ya ɗauka.

Na je ƙasar Sin na ga aikin Sinawa,
Sojan yumɓu dubbai na nan a tsaye ba gajiyawa,
Manoma ke haƙa rijiya suna neman ruwa,
A 1974 suka tono su, abin ya girgiza kowa.

Birnin Xi'an har gobe yana da ganuwa,
Ana hawa keke a kanta don shaƙatawa,
Sai dai samarinsu na gani suna gyangyaɗawa,
Tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida ba hutawa.

Hajiyar Damagaram: Sannu da hanya Alhaji, wato tsarabar ke nan, baiti?

Ka ga yumɓu ka dawo kana yabawa,
Ka ga tsohuwar ƙauye da jika tana goyawa?
Uwa da uba na birni, kamfani ke cinyewa,
Sai sabuwar shekara ake ganin gilmawa.
Ƙasar Konfushiyas mai wa'azin bin uba da uwa,
Sai da aka yi doka a 2013 ɗa ya riƙa zuwa gaisuwa.

Malamin Aruli: Afuwan, kafin a yi nisa. Ɗangon farko na Alhaji gaɓa 12 ne, na huɗu kuwa in ka karanta 1974 da baki ya haura 20, wannan baiti ne ko rasit?

Waƙa awo ce, ba buhu ba na cusawa,
Gurgun baiti ko a Sin ba ya tsayawa.

Ɗan Kwari:
Malam mai auna baiti da tiya kamar dawa,
Takardar da kake gyara a kai, san asalinta kuwa?
Cai Lun ya kai wa sarki ita yana nunawa,
Shekara ta 105, ga wata lambar, haɗiye da ruwa.

Baba Ƙarami: Kai! An gama da Malam wallahi. Kano ta dabo, ko da me ka zo an fi ka!

Bazazzagi: An fi ka a me? Bari in tuna muku.

Ka yabi ta Xi'an, ina taku Kanawa?
Badala ta zama fili ana ta yankawa,
Rabi an ɗebe ƙasa, rabi shaguna ake ginawa,
Karofin Ƙofar Mata na nan yana bushewa,
Atamfar Sin ka cika Kwari kana sayarwa,
Ka kashe marina sannan ka zo kana rerawa.

Baba Ƙarami: su masaƙun Kaduna kuma Kanawa ne suka rufe su ko? kowa ya ji da gawar gidansu malam

Ɗan Kwari:
Bawan Kanawa ya samu data yana zaƙewa,
An ce a nemi ilimi ko a Sin, ni na je nemowa.

Malamin Aruli: Wannan maganar malaman hadisi da yawa sun raunana ta, a daina jingina ta ga Annabi (SAW) kai tsaye. Kuma Hajiya ma ba ta tsira ba, ɗangonta na ƙarshe ja yake kamar tirela.

Hajiyar Damagaram: Malam ni ban karanta aruli ba, a bakin kakata na koyi waƙa wurin daka, kuma ko luguden ba ya karyewa. Kai kawo baiti huɗu naka mu gani mana, kullum biyu kake ajiyewa ka gudu.

Ɗalibi a Wuhan: Kwana uku ban leƙo ba saboda jarrabawa, na tarar an bar Sin an koma Badala. Ga nawa, Malam a yi haƙuri da awon.

Ran hutu 'yan mata hanfu suke sakawa,
Tufar kakanni, a tsohuwar fada ake ɗaukar hotuna da yawa,
Ka ce musu aure, dariya suke fashewa,
Kuɗin gida ya fi ƙarfin mai farawa.
Da ɗa ɗaya aka ce, yau uku ake roƙon haihuwa,
A 2022 yawansu ya soma raguwa,
Wasu sun ce tang ping, kwanciya ke nan ba tashiwa,
Tseren ya ishe su, sun bar wa mai iyawa.

Abokin ɗakina ɗan Henan ne, kakarsa ce ta raine shi, kullum da dare sai ya kira ta a bidiyo tana nuna masa kajinta.

Malamin Aruli: Ɗango na biyu ya yi tsawo, kuma "tashiwa" ba Hausa ba ce.

Hajiyar Damagaram: Har yanzu biyu ba su zama huɗu ba Malam. Alhaji kuma ina jiran ganyen shayina.