Fitilar T-BELT ta kama: in canza kurwar da hannuna ko in kai garaji?

Mai Hilux na Zariya: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da Hilux mai gazuwal, injin 5L, okaziyo ce daga Kwatano. Da ita nike ɗaukar wake da aya daga kasuwannin Cadawa da Mayahi zuwa Maradi. Bidanj da hiltar gazuwal da ta iska, duk ni nike yin abuna ƙofar gida. Shekaranjiya fitilar T-BELT ta kama, ga kaka ta shigo. Kwanta na nuna 200.000. In sayo kurwar, wato bel ɗin nan mai haƙora na cikin inji, in sa da hannuna, ko in kai garaji? Wanda ya taɓa yi da kanshi nike son ji.

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, mai 15W-40 za ka riƙa sa mata, kada ka bari ta wuce kilomita 5.000. In hunturu ya shigo, hiltar iska kowane sati a kakkaɓe ta.

Mai Hilux na Zariya: Na gode Baba, amma ba ta mai nike ba.

Sarkin Fada: Kurwar mota kuma? Wanga ba aikin garaji ba ne, a nemo mai maganin mayu 😂

Na Dakoro: Bar wasa Sarki, ni abin nan ya ci mani kaka guda. Bara tawa fitilar ta kama, na kai wani garaji nan cikin gari, na ba da jika 45, kurwa da kuɗin hannu. Da la'asar na dawo, fitila ta mutu, na yi godiya har na ba yara na shayi. Sati uku, ina hanyar Dakoro da buhu 14 na hatsi, mota ta yi ƙas, ta yi shiru. Daji, ba rezo, nan munka kwana ni da yarona. Da anka buɗe injin, tsohuwar kurwar ce a ciki, haƙoranta sun zube. Ashe fitilar kawai mai garajin ya kashe. Ita fitilar ba kurwa take dubawa ba, kilomita take ƙirgawa, kowace 100.000 in ta cika sai ta kama. Piston ya bugi supaf, wato bawul-bawul na injin, ya lanƙwasa su, sai da anka sauke kilas, wato kan injin. Wata biyu mota na kan duwatsu, masu kaya sunka koma ga wani. Da na je mishi sai ya ce ƙaddara ce. Na ce to, akwai ranar hisabi.

Hajiya Mai Aya: Allah ya mayar da alheri. Ni ko direbana ya ce an canza abu, sai ya kawo mani tsohon a leda.

Na Dakoro: Amin Hajiya. Su ma sun waye, suna da tsofaffi jibge bayan garaji, ɗaya za a miƙo miki.

Ɗan Kantin Piyas: Jika 45 ai an cuce ka tun wurin kuɗi. Kurwa jika 12 ce.

Usta: Ta jika 12 ko a injin niƙa ba ni sa ta. Ta asali da galenta biyu, ƙananan fulin da take bi a kansu, ba ta kasa jika 50. Mai Hilux, saurara. Kurwar nan ita ke juya kam, sandar da ke buɗe supaf, da pampon gazuwal tare. Alama uku ce, ta ƙasa, ta kam, ta pampo, dole su zauna daidai. In ka sa, juya injin da hannu zagaye biyu ka sake duba alamun kafin ka taɓa makulli. Haƙori ɗaya ya kuskure, hayaƙi da rashin ƙarfi. Ya fi haka, ka bi sahun Na Dakoro. In ka ga mai na tsatsa a ciki, canza robar da ke tare man, mai na cin kurwa. Kuma babban noti na fulin ƙasa ba sifanar gida ke kwance shi ba.

Ɗan Jami'a: Akwai shi a YouTube tsaf, awa uku an gama.

Usta: Nawa ka taɓa sawa?

Ɗan Jami'a: Nawa kuka ɓata ku masu shekara talatin?

Baba Direba: Yaro, a bar wa manya girmansu. Amma Usta, kai ma ba a tambayar mai garaji ko a zo garaji.

Baƙon Jibiya: A Ƙofar Ruwa Kano na sayo tawa, da canjin naira ba ta kai jika 25 ba. Har kwalinta mai tambari.

Usta: Kwalin ma bugawa ake.

Mai Hilux na Zariya: Ƴan uwa, har yanzu ba wanda ya ce ya sa da hannunshi.

Na Dakoro: Kwantar ma kada ka yarda da ita, na Kwatano ana mayar da su baya. Ni yanzu gazuwal ne damuwata. Na sha jarka biyu bakin hanya, kafin Tibiri fitilar ruwa ta kama, na kwance ƙasan hiltar, rabin kofi na ruwa ya zubo.

Hajiya Mai Aya: Ruwa da sauƙi. Mu kananzir anka gauraya mana, pampo ya tafi.

Ɗan Kantin Piyas: A ina, Hajiya? Bakin hanya ko gidan mai?

Hajiya Mai Aya: Direban ya ce gidan mai. Kuɗin gidan mai dai na ba shi.

Sarkin Fada: To Hajiya, a fara buɗe direban kafin a buɗe pampon.