Takobin kaka da bindigar toka: wa ya taɓa ƙetare iyaka da irinsu?

Baban Hanifa, Manchesta
Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu aka buɗe wani ɗakin soro da ya daɗe a rufe, muka tarar da kayan kakanmu: takobi cikin kubensa na fata, bindigar toka da tsatsa ta cinye kunamarta, sai kwari da baka. Kakan namu ɗan bindigar fada ne, cikin masu buga wuta ranar hawan sallah. Da aka zo rabo ba wanda ya kalle su sai ni. So nake in kawo su nan in rataye a falo, yara su san inda suka fito. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni labari.

Tsohon mafarauci, Ningi
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan baba. Yaro, fara da gida tukuna kafin ka yi zancen Ingila. Dokar bindigogi ta 1959 kashi uku ta yi musu: na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta masu harsashi sai Sufeto Janar na 'yan sanda, masu ɗuri ta baki kuma kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da takardarsu. Taka tana kashi na uku, kuma tsufanta bai fitar da ita ba. Takarda ma ba a gadonta kamar gona. Ni an taɓa tsare ni a wani shinge muna dawowa daga daji, takardar tana gida cikin akwati. Sai da ɗana ya hau babur ya kawo ta bayan la'asar, naman da muka samo har ya fara sauya wari.

Injiniya, Bamingam
Baban Hanifa, a nan lissafin daban ne. Bindiga mai ɗuri ta baki, in an ƙera ta kafin 1 ga Satumba 1939, ana iya ajiye ta ba lasisi, matuƙar ado ce ko abin tarihi. Ranar da ka zuba mata albarushi ka ce bari ka gwada, ta tashi daga ado, sai da takarda. Inda gizo ke saƙar shi ne shaidar shekaru. Ta Bature tana da hatimin masana'anta da lamba. Ta maƙerin garinku fa? Babu ko ɗigo a jikinta, kuma maƙera har gobe suna ƙera irinta. Idan aka tambaye ka, "kakana ne ya bari" ba hujja ba ce.

Ni da na nemi takardar bindigar harbin tsuntsu, sai da ɗan sanda ya zo har gida ya jijjiga akwatin ƙarfen da na kafe a bango, aka nemi bayanin likitana, aka nemi mai tsaya mini. Shekara 5 take yi a sake. Ƙaramar bindiga ta hannu kuwa kada ma ka yi mafarkinta, tun 1997 aka hana bayan kisan yaran makaranta a garin Dunblane na Sikotlan.

Takobin ya fi sauƙi. Wanda aka hana tun 2008 shi ne mai lanƙwasa da ya kai santimita 50, shi ma an ware wanda aka yi kafin 1954 da wanda aka ƙera da hannu ta hanyar gargajiya. Namu miƙaƙƙe ne. Amma a bango zai zauna, ban da ratayawa zuwa idi.

Maman Sadik, Landan
Baka dai ba ta da lasisi. Sadik yana zuwa kulob ɗin harbin kibiya duk Asabar, mun saya masa tasa ba wanda ya ce uffan. Farauta da ita ce laifi, ko zomo ne.

Ɗan Hiyustan
Ina karantawa ina dariya. A dokar tarayyar Amurka, bindigar da aka yi a 1898 ko kafin nan ba a ma lissafa ta cikin bindigogi, haka yawancin masu ɗuri ta baki ko da jiya aka ƙera su. Ga kuma lokacin farautar barewa da baka, ranakunsa daban. Sai dai kada wani ya ɗauka ko'ina kamar jiharmu Tekzas ne, a jihar Niyu Jazi wannan ta tokar bindiga ce sak. Kuma ina da bizar karatu na shiga wani shago zan sayi ta harsashi, mai shagon ya duba takarduna ya girgiza kai: mai irin bizata sai ya fara samun lasisin farauta. Na fito ina zufa.

Hajiya Babba, Kaduna
Duk kun tsallake abu guda: fitar da kayan daga Najeriya. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta ce aikin hannun da aka yi kafin 1918 ba ya fita sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Ka ga tsufan da zai cece ka a can, shi zai riƙe ka a nan. Ƙanena ma sabon takobi fil ya sayo a Agadas, ya cusa a jakar hannu, a filin jirgi suka yi sallama da shi.

Baban Hanifa, Manchesta
Na gode ƙwarai. Na kira Yaya daren jiya. Bindigar za ta zauna a gida, shi zai je ya ji yadda ake takardarta. Takobin kuma Inna ta ce ya riga shigowar Turawa Kano a 1903, don haka Hajiya, hanyarki zan bi. Kwarin ne kaɗai nake ganin zan sa a babbar jaka.

Tsohon mafarauci, Ningi
Tsaya. Kiban da ke cikin kwarin, akwai wani baƙin abu kamar ƙaro a daskare a wuyansu? In akwai, dafi ne, mutanen da da tsiron ƙwanƙwani suke haɗa shi. Ka ce wa yayanka kada yaro ya taɓa, kada shi ma ya goge da hannu. Ya ɗauko hoto ya turo in gani.