Ina aka rubuta sys_open a cikin Linux? grep bai nuna min ba

Bazazzage: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman inda aka rubuta jikin fankishin ɗin `sys_open`, wanda ke aiki idan manhaja ta nemi buɗe fayil, a kanel na Linux, wato zuciyar tsarin. `grep -rn sys_open .` yana kawo layuka rututu, har da `do_sys_open` da teburin `arch/x86/entry/syscalls/syscall_64.tbl`, amma jikin nasa babu. Ina ya shige?

Malam_Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Ba za ka gan shi da wannan sunan ba, domin ba wanda ya rubuta shi haka. Makuro (macro), wato gajeren rubutu da ake faɗaɗawa ya zama kod, shi ke haɗa sunan lokacin harhaɗa kod ɗin. Gwada wannan:

`git grep -n "SYSCALL_DEFINE.(open,"`

Zai kai ka `fs/open.c`, kan layin `SYSCALL_DEFINE3(open, ...)`. Lamba 3 ɗin nan yawan abubuwan da yake karɓa ne: filename, flags da mode. Za ka ga wani mai COMPAT a gabansa, wannan na manhajojin 32-bit ne masu gudu a kan kanel 64-bit, ka bar shi. Shi kansa makuron yana `include/linux/syscalls.h`. Kuma tun daga 4.17, a x86-64 sunan da ke fitowa a ƙarshe `__x64_sys_open` ne. In kana son gani da idonka, ka tanadi `.config`, wato fayil ɗin saitin kanel, ka buga `make fs/open.i`, ka buɗe fayil ɗin da ya fito.

Hajiya_Vim: Gaskiyar Malam. Amma kada ka riƙa wahala da grep kullum. Don haɗa jerin sunayen da editan vim zai bi ya kai ka wurinsu, buga `make ARCH=x86 tags`, ba `ctags -R` ba. Na farkon yana bi ta `scripts/tags.sh`, wanda ya san waɗannan makuro, don haka `vim -t sys_open` zai sauke ka daidai wurin. Na biyun bai san su ba, ga shi yana kwaso duk abin da ke ƙarƙashin `arch/`, sai ka nemi `memcpy` ka tsinci kanka a na wata na'ura daban. Idan suna ɗaya ya fito a wurare da yawa, danna `g]` ka zaɓa.

Bazazzage: Na gode, na same shi. To clangd fa, manhajar nan da ke taimaka wa edita gano inda aka rubuta abu a kod?

Malam_Kwamfuta: Ya fi su sanin C, amma sai ka harhaɗa kanel ɗin tukuna, sannan `make compile_commands.json`. Fayil ɗin da `.config` naka bai kunna ba ba zai shiga ciki ba, nan ne mutane ke cewa clangd ya lalace.

Inda tags da clangd duka ke cijewa shi ne kira ta hanyar manuni (pointer), irin `f_op->read_iter`. Za su kai ka `struct file_operations` a `include/linux/fs.h` su tsaya, domin sai kanel na gudu ake sanin wanda za a kira. Nan dole ka koma `git grep -n "\.read_iter"`, ka duba na tsarin ajiye fayiloli (filesystem) da kake bincike. Na ext4 shi ne `ext4_file_read_iter`, a `fs/ext4/file.c`.