Katin wuta na ₦10,000 ba ya kai sati, gas kuma sati uku: ina matsalar take?

Baban Yara, Fadamar Mada:

Assalamu alaikum. Masana harkar wuta da gas, a taimaka mana da haske. Gida ne na mutum bakwai a nan cikin Bauchi, mitarmu mai kati ce. A da in an sa wutar ₦10,000 takan kai kusan sati uku, yanzu kwana shida mitar ta fara kuka. Kuma ba mu ƙara kaya ba: fankar sama uku, firij, firiza, talabijin da dikoda, ƙwayayen fitila takwas, dutsen guga, hitar ruwan wankan yara, sai sumo da ke cika tanki. Tukunyar gas mai kilo 12.5 ita ma sati uku take ƙarewa, har uwargida ta ce ko murhun lantarki za mu saya. Mitar ce ta lalace, ko wani ne ke jan wutarmu? Kuma tsakanin girki da wuta da girki da gas, wanne ya fi sauƙi?

Injiniya, Wunti:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zargi mita, a ajiye lissafin naira tukuna, domin mita ba ta san naira ba, yunit take ci. Yunit ɗaya shi ne abin da kaya mai wat 1,000 zai sha in ya yi awa ɗaya a kunne. Ɗauko rasit ko saƙon da ya zo da lambobi 20 ɗin nan, ka duba yunit nawa aka ba ka, ka kwatanta da tsohon saƙo.

Ga dalili. An raba layukan wuta rukuni biyar bisa awannin da ya kamata a ba su a rana: Band A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin Band A zuwa ₦225 kan kowane yunit, daga baya ya zauna a ₦209.50 a watan Yuli na shekarar, sauran rukunan kuma aka bar su inda suke. A kan wannan ake ɗora harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari. To ₦209.50 da haraji ya zama kusan ₦225, ka ga ₦10,000 za ta ba ka yunit 44 da 'yan kai. Wanda yake biyan ₦65, a misali, da wannan kuɗin zai sami yunit wajen 143. Kwana shida da sati uku da ka ambata sun yi daidai da wannan tazarar, shi ya sa na fi kyautata zaton layinku ne aka mayar Band A.

Yanzu mu auna kayanka. Fankar sama takan sha wat 70. Uku a awa goma, yunit 2.1 ke nan. Firij wajen yunit 1.2 a rana, firiza wajen 1.5, in ana zafin bazara ta wuce haka. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya na minti 45, kusan 0.7. Talabijin da dikoda na awa shida, 0.4. Ƙwayaye takwas masu wat 10, rabin yunit. Guga ta rabin awa, rabin yunit. Ɗumama bokitin ruwa mai lita 20 ya yi daidai wanka, shi ma kusan rabin yunit. Haɗa su ka ga 7.4 a rana. Sau shida, yunit 44. Wato lissafi ya fita ba tare da ɓarawo ko lalatacciyar mita ba.

Duk da haka ka gwada, gwajin ba ya cin ko sisi. A fuskar mita akwai ɗan jan haske mai ƙiftawa, kusa da shi an rubuta lamba kamar 1000 ko 1600 imp/kWh, ma'ana ƙiftawa nawa ne ke cika yunit ɗaya. Lokacin da akwai wuta, ka kashe komai na gidan ka cire filogi daga soket. In hasken ya ci gaba da ƙiftawa, wuta na zurarewa wani wuri. Sai ka sauke babban makunnin gidan: in ya tsaya, matsalar a wayarin cikin gida take, galibi wayar da ta goge a bango ko wadda ta bi ƙasa zuwa sumo ta sha ruwa, in bai tsaya ba, akwai wayar da aka ɗauka tsakanin mita da makunnin, a bi ta a ga inda ta nufa. Daga nan ka kunna hita mai wat 1,000 ita kaɗai a cikin ruwa. A mita mai 1000, za ka ƙirga ƙiftawa wajen 17 a minti. In wutar ta zo da rauni zai gaza haka, ba komai. In ya kai 25 ko 30 ne za a ce a zo a duba mitar. Kada kuma ka bari mai gyaran wuta na unguwa ya ɓalle hatiminta, mitar za ta kulle kanta, ga tara a kai.

Baban Yara, Fadamar Mada:

Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na duba saƙon, 44.4 aka rubuta. Na kashe komai kuma hasken ya tsaya cak. To ina zan rage? Wani ya ce in riƙa kashe firiza da dare.

Injiniya, Wunti:

Madalla, wayarinka lafiya lau. Kashe firiza da dare ribarsa kaɗan ce ƙwarai, don da safe injin zai daɗe yana aiki kafin ya mayar da sanyin da ya tsere, nama da kifi kuma su shiga haɗari. Abin da ke sa ta cin wuta daban ne. Ka maƙale takarda a bakin murfin ka rufe, in ta zare da sauƙi robar ta mutu, a sauya. Ka janye ta daga bango kamar tafin hannu, kada rana ta riƙa dukanta ta taga, a kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe ragar wajen injin, a narkar da ƙanƙarar in ta yi kaurin yatsa. In abin da ke cikin firij da firiza zai shiga ɗaya, a kashe ɗayan gaba ɗaya, wannan kaɗai ya fi yunit 30 a wata.

Amma babban mai cin kuɗinka fanka ce, ita da ba a zargi. Fankokin nan na zamani masu injin DC sukan tsaya a wat 30 zuwa 35. Uku a awa goma za su rage maka fiye da yunit ɗaya kullum, a wata ya kai ₦7,000 zuwa ₦8,000 a farashin Band A. Ka fara da ta ɗakin da aka fi kwana. Sumo kuma a sa mata makunni mai yawo a cikin tanki wanda ke kashe ta in ruwa ya cika, domin duk ruwan da ya malala a tsakar gida da yunit aka hau da shi. Guga a tara ta a yi a zama ɗaya.

Mai Gas, hanyar Jos:

Alhaji, bari in ɗauki ɓangaren girki. A gaya wa Hajiya ta dakata da maganar murhun lantarki, tunda Band A kuke. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai yunit 12 zuwa 13 na wuta, sai dai kusan rabinsa ne ke shiga tukunya, saura ya bi iska. Murhun lantarki na gama-gari shi ma yana asarar wajen kashi ɗaya cikin uku. In an daidaita, girkin da kilo ɗaya zai yi yana buƙatar yunit 9 zuwa 10. A ₦225, kuɗin ya haura ₦2,000. Muddin kilon gas bai kai haka ba, gas ya fi muku araha nesa ba kusa ba. Wanda ke biyan wajen ₦70 kan yunit shi lissafinsa ya juya, yunit goma ₦700 ne, girki da wuta ya fi masa sauƙi a awannin da aka kawo ta. 

Sai batun sati uku. Kilo 12.5 a kwana 21 ya kama kusan gram 600 a rana. Kan murhu ɗaya in an buɗe shi sosai yakan ci wajen gram 150 a awa, wato kamar awa huɗu murhu na kunne kullum. Ga gidan mutum bakwai da ake tuƙa tuwo ana dafa wake, ba abin mamaki ba ne, amma ana iya kai shi wata cif.

A fara da tabbatar da cewa 12.5 ɗin ake zuba muku. A jikin kowace tukunya, wajen mariƙi ko gindi, an buga nauyinta ba gas, yawanci da haruffan TW. A ɗora ta a sikeli kafin a zuba, a sake ɗorawa bayan an zuba, bambancin shi ne abin da kuka saya. In TW 13.5 ne, cikakkiya ta nuna 26. Kada a aiki yaro ya miƙa tukunya ya koma gefe yana jira, ya tsaya a gaban sikelin ya ga lambar da idonsa. Kuma kada a roƙi mai zubawa ya ƙara ya danna, da gangan ake barin sarari a sama saboda gas na kumbura in ya ji zafi, zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu kuwa ba wasa ba.

Na biyu, yoyo. A kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, a shafa a bakin tukunya, da regileta, da duka bakin tiyo biyu. Inda kumfa ke tasowa tana girma, nan yake fita. Ashana ba abin gwaji ba ce, don Allah. Mafi yawan yoyo daga 'yar baƙar robar da ke cikin bakin tukunya yake, kuɗinta kaɗan ne, a wajen zuba gas ake sauya ta. Tiyo in ya yi tauri ko ya fara tsattsagewa a sauya, a ɗaure bakinsa da maɗaurin ƙarfe mai noti, ba da waya ko robar taya ba. An gama girki a rufe daga regileta, ba daga murhu kaɗai ba.

Na uku, harshen wutar. Shuɗi ake so. In ya koma ja ko rawaya yana baƙanta gindin tukunya, gas na ƙonewa rabi da rabi. A cire kan murhun a wanke, a bi ramukan da allura, miya da ta zube ce ke toshe su. Harshen kada ya leƙo gefen tukunya. Da ruwa ya tafasa a rage wuta, domin tafasa mai ƙarfi ba ta sa abinci saurin nuna, ruwan kawai take ƙonarwa. A rufe tukunyar girki da murfi. Wake a jiƙa shi tun dare, ganda da ƙafar sa kuwa tukunyar matsi ce maganinsu, tana rage lokacin fiye da rabi. In murhun a tsakar gida yake, a kare shi daga iska, musamman da hunturu.

Malama, Gwallameji:

Abin da Injiniya da Mai Gas suka faɗa haka yake. Zan ƙara ɓangaren haƙƙi, don masu karantawa da yawa ba su san suna da shi ba.

Malam, tunda kuɗin Band A kake biya, awa 20 haƙƙinka ne. Ka ajiye ɗan littafi kusa da mita, ana rubuta lokacin da aka ɗauke da lokacin da aka dawo da ita, tare da yunit ɗin da ya rage kowace safiya. Umarnin NERC na 2024 ya ce layin Band A da ya kasa cika awanninsa kwana bakwai a jere a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake samu. Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai duk kamfanin rarraba wuta na Jos, JED, ke kula da su, don haka ƙorafi a ofishinsu na kula da masu hulɗa ake fara kai shi, a rubuce, da lambar mita, a karɓi shaidar an shigar. A nan Bauchi, in kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, sai a ɗaukaka zuwa ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ake kira Forum. Ƙorafin da mutanen layi ɗaya suka sa wa hannu tare da rubutattun awanni ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Wanda kuma ya raba kuɗinsa da farashin rukuninsa ya ga yunit ɗin bai cika ba, ya duba rasit da kyau, sau da yawa tsohon bashi ake cirewa, na lokacin da gidan ba shi da mita ko na ɗan hayan da ya tashi. Shi ya sa kafin a kama haya a karɓi lambar mita a tambayi ko akwai bashi a kanta, a rubuta a yarjejeniya wanda zai biya.

Waɗanda ba su da mita, ana kawo musu bil na ƙiyasi, su sani tun 2020 NERC ta ƙayyade iyakar yunit da za a iya rubuta wa gida marar mita, kuma ana fitar da iyakar kowane layi. A duba sunan layin da ke jikin bil, a kwatanta yunit ɗin da aka rubuta da iyakar; abin da ya haura ana neman a mayar da shi. Gidan haya mai mita ɗaya kuwa, raba kuɗi bisa yawan ɗakuna zalunci ne ga mai fanka ɗaya da ƙwan fitila biyu in maƙwabcinsa na da firiza da hita. Ƙaramar mita ta ƙirge a ƙofar kowane ɗaki ita ke kashe wannan rigimar: a karanta ranar ɗaya ga wata, kowa ya biya yunit ɗinsa, na sumo da fitilar tsakar gida a raba daidai.

Injiniya, Wunti:

Na manta abu ɗaya, Malam. In kana da niyyar sa inbata, na'urar da ke tara wuta a batir ta ba gida in an ɗauke, ka sa cajinta a lissafi. Batir biyu masu 200Ah in sun sauka rabi, mayar da su yakan ci wajen yunit uku, kusan ₦700 ke nan duk caji ɗaya a farashinku. In za a haɗa ta ko janareto, a sa makunnin sauya layi mai yanke waya biyu, mai wuta da ta dawowa, don wasu mitocin suna auna duka wayoyin biyu, in an cakuɗa ta dawowa da ta wani layin sai su ƙirga abin da ba ku sha ba.